Masu Bincike Daga Cikin Gida: Nazarin 'Yan Latino a Jami'o'in Amurka

Ƙidayar jama'a da aka gudanar a Amurka a shekarar 2020 ta nuna cewa mutum miliyan 62 da ɗoriya, wato kusan kashi 19 cikin ɗari na mazauna ƙasar, sun bayyana kansu a matsayin 'yan Hispanik ko 'yan Latino, sunaye biyu da hukumomi ke tara mutanen da tushensu ya fito daga Meziko da Puerto Rico da Kyuba da sauran ƙasashen Latin Amurka a ƙarƙashinsu. Ana yawan musanya sunayen biyu, amma kowanne da inda iyakarsa ta tsaya, domin na farko ya dogara ne ga harshen Sifaniyanci, don haka yakan haɗa da mutanen Sifaniya ya bar 'yan Brazil masu magana da harshen Fotugal, na biyu kuwa ya dogara ga yankin Latin Amurka, sai ya ɗauki Brazil ya ajiye Sifaniya. Jama'a mai wannan yawa tana da sassa da cibiyoyi da mujallu na kanta a jami'o'in ƙasar a yau, alhali shekara sittin da suka wuce da wuya a sami darasi guda da ya keɓanta da tarihinta.

Tun kafin wannan lokaci jami'o'in Amurka sun daɗe da sanin Sifaniyanci. George Ticknor ya fara koyar da adabin Sifaniya a Jami'ar Harvard a 1819, ya kuma wallafa tarihin wannan adabi cikin juzu'i uku a 1849, kuma al'adar karatu da ya assasa ta mayar da hankali ne ga Cervantes da takwarorinsa na can tsallaken tekun Atlantika. Wani reshe na biyu, wato nazarin Latin Amurka, ya bunƙasa a zamanin yaƙin cacar baka, lokacin da dokar ilimi don tsaron ƙasa ta 1958 ta fara ware kuɗi domin nazarin harsuna da yankunan duniya, sannan juyin juya halin Kyuba na 1959 ya sa gwamnati da manyan gidauniyoyi suka matsu su fahimci maƙwabtansu na kudu, har masanan wannan reshe suka kafa ƙungiyarsu a 1966. Reshe ɗaya yana duban Turai, ɗaya yana duban ƙetaren iyaka, shi kuwa ɗan ƙodagon da ke tsinkar auduga a Texas, ko matar da ke ɗinki a masana'antar tufafi a New York, ba su da gurbi a ko ɗaya daga cikinsu. Da yawa daga waɗannan mutane ma ba baƙi ba ne. Yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta 1848, wadda ta kawo ƙarshen yaƙin Amurka da Meziko, ta mayar da kusan rabin ƙasar Meziko hannun Amurka tare da mutanen da ke zaune a kanta, Puerto Rico ta shiga hannun Amurka bayan yaƙi da Sifaniya a 1898, aka bai wa mutanenta shaidar zama 'yan ƙasa a 1917, kuma tsakanin 1942 da 1964 Amurka da kanta ta riƙa shigo da leburorin gona daga Meziko a ƙarƙashin shirin Bracero, kalmar da ke nufin mai aiki da damatsa.

A 'yan wuraren da masana suka waiwayi waɗannan al'ummu kuwa, sun dube su ne a matsayin matsala da ake neman musabbabinta, kuma yawanci a cikin al'adunsu ake cewa an gano shi. Oscar Lewis, masanin halayyar al'umma wanda ya yi bincike a kan iyalai matalauta a Meziko da Puerto Rico da New York, ya yaɗa ra'ayin da ake kira al'adar talauci, wanda ke cewa talauci kan haifar da wasu ɗabi'u, kamar rashin tanadi da sallamawa ga ƙaddara, waɗanda 'ya'ya ke gāda daga iyaye har su hana su fita daga ƙangin. Littafinsa La Vida na 1966 ya sami babbar lambar yabo ta ƙasa, amma 'yan Puerto Rico da dama sun ga cewa an ɗauki iyali guda mai fama da karuwanci da rikici an mayar da shi hoton al'umma baki ɗaya. Akwai 'yan ƙalilan daga cikin gida da suka yi ta jayayya da irin wannan fahimta tun da wuri, irin su George I. Sánchez, wanda tun a shekarun 1930 ya nuna cewa gwajin basira da ake yi wa yara da Ingilishi yana auna saninsu da harshen ne fiye da kaifin ƙwaƙwalwarsu, da Ernesto Galarza, wanda ya tona irin cutar da ake yi wa leburorin Bracero.

Wanda ya fi kowa nuna yadda sabon fagen zai yi aiki shi ne Américo Paredes, haifaffen Brownsville a bakin iyakar Texas da Meziko a 1915. Littafinsa na 1958, With His Pistol in His Hand, nazari ne a kan wata waƙar baka irin wadda ake kira korido, wato waƙar da ke ba da labarin wani abin da ya faru, wadda mawaƙa ke rerawa da jita a kasuwanni da gonaki da wuraren biki. Waƙar tana magana ne a kan Gregorio Cortez, wani manomi da a watan Yunin 1901 shugaban 'yan sandan wata gunduma ya je yi masa tambayoyi game da satar doki, tafinta ya kasa isar da maganar daidai, shugaban ya harbi ɗan'uwan Cortez, shi kuma Cortez ya harbe shi har lahira, sannan ya gudu aka yi ta farautarsa kimanin kwana goma kafin a kama shi kusa da iyaka. Paredes ya tattara sigogin waƙar daga bakin tsofaffi, ya auna su da takardun kotu da jaridun lokacin da shaidar dangin Cortez, ya ware abin da ya auku daga abin da mawaƙa suka ƙara, kuma da wannan ya ƙalubalanci fitaccen masanin tarihi Walter Prescott Webb, wanda littafinsa na 1935 ya kambama dakarun Texas Rangers a matsayin jarumai masu kare wayewa. Abin da Paredes ya tabbatar shi ne cewa waƙar talakawa na iya zama madogarar tarihi idan aka bi ta da tsanaki, kuma mutanen da ake rubutu a kansu suna da nasu bayani a ajiye, sai dai ba a tambaye su ba. A wata maƙala ta 1977 ya ƙara da cewa wasu masu bincike baƙi, waɗanda Sifaniyancinsu na aji ne, sukan rubuta zolaya da ba'a da habaicin da mutanen ƙauye suka yi musu a matsayin gaskiyar abin da mutanen suka yi imani da shi, sannan su gina nazariyya a kai.

Ƙofar jami'a dai ɗalibai ne suka buɗe ta da ƙarfi. A watan Maris na 1968 dubban ɗaliban sakandare a gabashin Los Angeles suka fice daga azuzuwa, da goyon bayan wani malaminsu mai suna Sal Castro, suna ƙorafin cewa ana hukunta su idan sun yi Sifaniyanci, ana karkatar da su zuwa koyon sana'ar hannu maimakon shirin shiga jami'a, kuma ba a koya musu komai game da tarihinsu. A wannan shekara aka buɗe shirin nazarin Amurkawa 'yan asalin Meziko a kwalejin jihar Kalifoniya da ke Los Angeles, kuma daga Nuwamban 1968 zuwa Maris na 1969 yajin ɗalibai a kwalejin jihar da ke San Francisco ya tilasta kafa tsangayar nazarin ƙabilu. A Afrilun 1969 malamai da ɗalibai suka taru a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara suka fitar da wani kundi da ya tsara yadda za a kafa sassan nazarin Cikano, sunan da a dā ake yi wa talakawa 'yan asalin Meziko gori da shi, matasan suka ɗauke shi suka mayar da shi taken alfahari. Kundin ya shimfiɗa sharuɗɗan da har yanzu ake muhawara a kansu: sashen ya kasance mai cin gashin kansa wajen ɗaukar malamai da tsara manhaja, ɗalibai su sami ta cewa a cikinsa, kuma binciken da ake yi ya amfani unguwannin da ɗaliban suka fito.

Rodolfo Acuña, wanda ya shugabanci sashen nazarin Cikano da aka kafa a kwalejin jihar da ke Northridge a 1969, ya wallafa Occupied America a 1972, littafin da ya zama abin karatu a kusan kowane aji na wannan fanni. A bugunsa na farko ya yi amfani da nazariyyar mulkin mallaka na cikin gida, wadda ke cewa matsayin 'yan asalin Meziko a kudu maso yammacin Amurka ya yi kama da na al'ummar da aka ci da yaƙi aka ƙwace mata ƙasa aka mayar da ita leburori masu arha. Nazariyyar ta bayyana tarihin ƙarni na 19 da kyau, amma ta yi rauni wajen bayanin miliyoyin da suka shigo daga baya da ƙafarsu, da kuma bambancin da ke tsakanin attajiri da talaka a cikin al'ummar, kuma Acuña da kansa ya sassauta dogaro da ita a bugun da suka biyo baya. Rubuce-rubucen farko na fagen suna da zafin harshe da ɗokin siyasa, wasu ma hujjarsu ba ta kai ƙarfin muryarsu ba, lamarin da ya bai wa masu adawa damar cewa wannan gangami ne aka sa masa rigar ilimi.

A gabashin ƙasar labarin ya bi ta hannun 'yan Puerto Rico. Bayan ɗalibai baƙar fata da 'yan Puerto Rico sun mamaye harabar City College a New York a 1969, jami'ar birnin ta buɗe ƙofa ga duk wanda ya kammala sakandare, kuma a 1973 Frank Bonilla ya jagoranci kafa Cibiyar Nazarin Puerto Rico, wadda mazauninta yake a Hunter College. Masanan cibiyar sun kawar da tambaya daga ɗabi'un masu ƙaura zuwa tsarin tattalin arzikin da ya kore su daga gida, inda suka nuna yadda shirin kafa masana'antu a tsibirin bayan yaƙin duniya na biyu ya durƙusar da noma ba tare da samar da isassun ayyuka ba. A unguwar East Harlem ne kuma aka yi wasu daga cikin muhimman bincike a kan gauraya harsuna. Shana Poplack a 1980, da Ana Celia Zentella a littafinta na 1997 a kan yaran wani layi guda da ta bibiya har suka girma, sun nuna cewa mai sauyawa daga Sifaniyanci zuwa Ingilishi a tsakiyar jimla yana yin haka ne a gaɓoɓin da nahawun harsunan biyu suka amince, kuma waɗanda suka fi iya harsunan biyu su ne suka fi yin irin wannan sauyi mai wuya. Mai karatu da ya saba jin Ingausa a bakin 'yan boko a Kano ko Kaduna, ko Hausa gauraye da Faransanci a Yamai, zai gane irin maganar da ake nufi, da kuma irin zargin lalata harshe da ake yi wa masu yin ta.

Suka mafi tasiri da fagen ya sha daga cikinsa ta fito. Mata masana sun lura cewa tarihin da ake rubutawa na jarumai maza ne, kuma a ƙungiyoyin gwagwarmaya su ake bari da girki da buga takardu, don haka suka kafa ƙungiyarsu a 1982. Vicki Ruiz ta rubuta tarihin mata ma'aikatan masana'antun gwangwanin abinci a Kalifoniya da yadda suka kafa ƙungiyar ƙodago, daga baya ta zama shugabar ƙungiyar masana tarihi ta Amurka a 2015, ita kuwa Gloria Anzaldúa, a littafinta na 1987 da ta rubuta da harsuna gauraye, ta mayar da iyaka ta zama hanyar fahimtar duk wanda ke rayuwa tsakanin al'adu biyu da babu wadda ta karɓe shi gaba ɗaya.

Daga shekarun 1980 zuwa sama al'ummar ta ƙara rarrabuwa fiye da yadda sassan farko suka tanada. 'Yan Kyuba da suka tsere wa mulkin Castro, jagoran juyin juya halin ƙasarsu, sun sami tarba ta musamman, har da dokar 1966 da ta sauƙaƙa musu samun izinin zama, kuma Alejandro Portes ya yi nazarin yadda suka gina tattalin arzikin kansu a Miami, inda sabon zuwa kan sami aiki a hannun ɗan ƙasarsu ba tare da ya iya Ingilishi ba. An kafa cibiyar nazarin 'yan Jamhuriyar Dominika a New York a 1992, yaƙe-yaƙen basasa na Salvador da Guatemala kuma suka kawo wata sabuwar jama'a da ita ma ta nemi gurbinta. Daga nan ne aka fara maganar nazarin Latino a dunƙule, aka kafa mujalla mai wannan suna a 2003 ƙarƙashin editancin Suzanne Oboler, sannan ƙungiyar masanan fagen a 2014. Sai dai sunan da ya haɗa su shi ne abu na farko da suka sa a ma'auni. G. Cristina Mora ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta nuna a littafinta na 2014 cewa rukunin Hispanik ya samu ne a shekarun 1970 daga haɗuwar buƙatun ɓangarori uku: jami'an ƙidaya masu neman rukuni da za su lissafa, 'yan gwagwarmaya masu neman adadi mai yawa da za su tunkari gwamnati da shi, da masu gidajen talabijin na Sifaniyanci masu neman kasuwa guda da za su sayar wa masu talla. A ƙidayar 1980 aka fara yi wa kowane gida tambaya a kan asalin Hispanik. Binciken jin ra'ayi na cibiyar Pew ya sha nuna cewa kusan rabin mutanen sun fi son a kira su da ƙasar asalinsu, kuma sunan Latinx, wanda ya yaɗu a jami'o'i domin kauce wa bambanta namiji da mace a nahawu, kashi 3 cikin ɗari kacal ne suka ce suna amfani da shi a rahoton cibiyar na 2020. Wannan tazara tsakanin harshen malamai da na jama'a abin dubawa ne ga fagen da aka kafa da alkawarin yi wa unguwa hidima.

Wani giɓi da aka daɗe ba a cike ba shi ne na baƙar fata. Yawancin 'yan Afirka da aka kai nahiyoyin Amurka a matsayin bayi a Brazil da tsibiran Karibiyan da yankunan Sifaniya aka sauke su, waɗanda aka kai ƙasar Amurka ta yau kaɗan ne a kansu, amma aƙidar cewa 'yan Latin Amurka jinsi ne gauraye da ba ya nuna wariya ta rufe wannan tarihi, har sai da masana irin su Miriam Jiménez Román da Juan Flores suka tattara rubuce-rubuce a kan baƙaƙen 'yan Latino a 2010. A Meziko sai a ƙidayar 2020 aka yi cikakken lissafinsu, inda kimanin mutum miliyan 2.5 suka bayyana kansu da tushen Afirka. A nan ne wannan karatu ya taɓo ƙasar Hausa, ko da yake ta reshen nazarin Latin Amurka ne: masanin tarihi ɗan Brazil João José Reis ya yi bayanin yadda Hausawa da aka kama a yaƙe-yaƙen zamanin jihadin 1804 aka sayar da su zuwa Bahia suka shirya bore a 1807 da 1809 da 1814, kafin babban boren Musulmi na 1835 a birnin Salvador, wanda Yarbawa suka fi yawa a cikinsa, inda 'yan sanda suka sami takardu da layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kama.

Abin da ya tsayar da fagen da ƙafafunsa a ƙarshe shi ne tarin hujjoji da ba a iya turewa. Douglas Massey da Jorge Durand sun fara tattara bayanan masu ƙaura daga garuruwan Meziko a 1982, kuma bayan shekaru masu yawa suka nuna cewa tsaurara tsaron iyaka tun daga tsakiyar shekarun 1980 bai hana shigowa sosai ba, ya dai hana komawa, domin mutumin da a dā yake zuwa cin rani ya koma gida ya ga tsallakawa ta yi tsada da haɗari, sai ya zauna ya aika a kawo masa iyalinsa. Lokacin da Samuel Huntington na Harvard ya yi gargaɗi a 2004 cewa baƙi 'yan Meziko za su raba Amurka gida biyu mai harshe biyu, Rubén Rumbaut da abokan aikinsa suka amsa da alƙaluma daga kudancin Kalifoniya, inda Sifaniyanci yake da ƙarfi sosai, waɗanda suka nuna cewa jikokin baƙi ƙalilan ne ke iya harshen sosai. Edward Telles da Vilma Ortiz kuma sun sami tsofaffin takardun wani bincike na 1965 a ɗakin karatu na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, suka nemo mutanen da 'ya'yansu suka sake yi musu tambayoyi, sakamakon da suka wallafa a 2008 ya nuna cewa iyalan sun rungumi Ingilishi sarai, amma ci gabansu a ilimi ya tsaya cik bayan tsara ta biyu. Sakamakon bai yi wa masu tsoron baƙi daɗi ba, haka nan bai yi wa masu cewa lokaci kaɗai zai warware komai daɗi ba. A ɓangaren adabi, Nicolás Kanellos na Jami'ar Houston ya jagoranci aikin zaƙulo jaridu da littattafan da 'yan Hispanik suka wallafa a Amurka tun ƙarnonin baya, ciki har da ƙagaggen labarin María Amparo Ruiz de Burton na 1885 a kan ƙwace filaye a Kalifoniya, wanda aka sake bugawa a 1992.

Duk da haka matsayin waɗannan malamai a cikin jami'a bai taɓa zama tabbatacce ba. Bambanci tsakanin sashe da shiri, wanda na waje zai ɗauka ƙaramin al'amari ne na gudanarwa, shi ne bambanci tsakanin mai gida da ɗan haya, domin sashe yana da kasafinsa da ikon ɗaukar malamai da tabbatar da su a aiki, shiri kuwa aron malamai yake yi daga wasu sassa, waɗanda su ne za su yanke hukunci a kan ƙarin girmansu. A Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles sai da ɗalibai da wani farfesa suka yi yajin cin abinci na mako biyu a 1993 kafin a kafa cibiyar nazarin Cikano, kuma cikakken matsayin sashe bai samu ba sai a 2005. A jihar Arizona majalisa ta zartar da doka a 2010 da ta kai ga rufe shirin nazarin 'yan asalin Meziko a makarantun birnin Tucson a Janairun 2012, aka kwashe littattafai daga azuzuwa har da na Acuña. A shari'ar da ta biyo baya an gabatar da binciken Nolan Cabrera na Jami'ar Arizona, wanda ya nuna cewa ɗaliban da suka ɗauki darussan sun fi takwarorinsu yiwuwar cin jarrabawa da kammala sakandare, kuma a watan Agustan 2017 alƙalin kotun tarayya A. Wallace Tashima ya yanke hukuncin cewa ƙiyayyar launin fata ce ta ingiza kafa dokar da aiwatar da ita. Shekara uku bayan haka, a 2020, jihar Kalifoniya ta wajabta wa duk mai neman digirin farko a rassa 23 na jami'ar jihar ya ɗauki darasi guda a nazarin ƙabilu kafin a yaye shi.